Kiɗan Buluz na Baƙaƙen Amurka da Mutanen da Suka Hana Shi Mutuwa

Ina gaida mai tsintar shinkafa, ina gaida mai ɗinkin hula, ina gaida mai goyo tana jijjiga. A matso kusa da akwatin rediyo, domin yau tafiya ce mai nisa za mu yi ba tare da mun taka ko zaure ba. Za mu ƙetare teku zuwa jihohin kudu na ƙasar Amurka, mu ji labarin wani kiɗa da ake kira buluz, da yadda mutanen can suke karrama makaɗansa, da kuma waɗanda suka tsaya a bayan makaɗan.

To, mene ne buluz? Kalmar a Turance daga sunan launin shuɗi ta fito, su kuma can idan mutum yana cikin ƙunci da zullumi sai su danganta halin da yake ciki da wannan launi. Saboda haka kiɗa ne na fitar da abin da ke damun zuciya: talauci, bashi, rabuwar aure, miji ya tafi ci-rani ya yi shiru, ambaliya ta cinye gona. Masu shi baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. An haramta bauta a Amurka a 1865, amma mafi yawansu sun ci gaba da zama a gandayen auduga na Turawa suna noman kashi-mu-raba, wanda a ƙarshen shekara sau da yawa manomi ke tashi da bashi a wuyansa. A irin waɗannan gandaye, musamman na jihar Misisipi, wannan kiɗa ya tsiro wajen ƙarshen ƙarni na 19. Tsarinsa mai sauƙi ne. Mawaƙi ya faɗi magana, ya sake maimaita ta, sannan ya kawo ta uku wadda za ta warware ta farkon, jita kuma tana amsa masa kamar 'yan amshi.

Kada wata ta ce ina ruwanmu da kiɗan Amurka. Akwai wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, wanda ya daɗe yana yawo a Afirka yana ɗaukar waƙoƙi. A littafin da ya fitar a 1999 ya nuna cewa salon buluz na Misisipi ya fi kama da kiɗan ƙasashenmu na Sudan ta yamma da ta tsakiya, inda mutum ɗaya zai riƙe abin kiɗa mai tsirkiya yana jan murya yana lanƙwasa ta, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Cikin abin da ya kafa hujja da shi har da kiɗan wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru, da waƙar wata mata 'yar ƙabilar Tikar tana niƙa a kan dutse. Kun ji fa, waƙar niƙa! Wadda kakanninmu ke yi da asuba, a gauraya kuka da habaici a cikinta, dutse na ba da kiɗa. Duk wadda ta taɓa jin wannan, idan ta ji tsohuwar waƙar buluz ba za ta ji ta baƙuwa ba, ko da ba ta jin Turanci. Marigayi Ali Farka Ture na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2006, ya sha faɗin cewa da ya ji kiɗan baƙaƙen Amurka ya gane na gida ne ya yi ƙaura.

Shi kuma buluz ba iri ɗaya ba ne, kowane yanki da hannunsa. Na Misisipi yana da nauyi da kaushi. Na jihohin Karolina da Bajiniya ya fi sauƙi da zaƙi, da yatsu ake tsinkar tsirkiya. Na birnin Shikago kuwa na lantarki ne mai ƙara, domin 'yan ci-ranin da suka bar gona suka tafi birni, irin su Muddy Waters da ya koma can a 1943, sun ga jitar katako ba ta jiyuwa cikin hayaniya. Har akwai salon da ƙauye ɗaya tak ke da shi. Zan zo kan wannan.

Abin da zai ba ku sha'awa, mata ne suka fara kai wannan kiɗa kasuwa. A 1920 wata mata mai suna Mamie Smith ta yi faifan garmaho da ya samu karɓuwa ƙwarai, sai kamfanoni suka farga cewa ashe baƙar fata ma na sayen faifai. Nan aka shiga neman mawaƙa mata. Wadda ta fi kowa shahara ita ce Bessie Smith, wadda ta fara faifai a 1923, kuma a zamaninta babu baƙar fata mai nishaɗantarwa da ya kai ta samun kuɗi. Amma kamfanin kan biya ta ladan waƙa sau ɗaya ne, faifai ya yi ta sayuwa ba ta da kaso. Ta rasu a haɗarin mota a Misisipi a 1937. Dubban mutane suka halarci jana'izarta kusa da birnin Filadelfiya, aka watse, aka bar kabarin ba ko alama.

A nan sai na ɗan yi bayani, domin al'adarsu ba irin tamu ba ce. Su can ana kafa dutse a kan kabari a rubuta suna da shekaru, kuma kabarin da ba dutse alama ce ta wanda ba shi da kowa. Shekara 33 kabarin wannan mata yana haka. Sai a 1970 mata biyu suka haɗa kuɗi suka sa dutsen. Ɗaya mawaƙiya ce Baturiya, Janis Joplin, wadda ta ce daga faya-fayan Bessie ta koyi waƙa. Ɗayar kuwa Juanita Green ce, wadda tun tana yarinya take yi wa Bessie 'yan aikace-aikacen gida, ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya. 'Yar aiki ce ta tuna da uwar ɗakinta bayan duniya ta manta. Ita Janis ɗin ma wata biyu kacal ta ƙara a duniya bayan wannan.

Labarin Bessie ba shi kaɗai ba ne. Memphis Minnie, wadda ta fi maza da yawa iya kaɗa jita, ta rasu a 1973 bayan doguwar jinya cikin rashi, sai a 1996 aka sa mata dutse, wata mawaƙiya Bonnie Raitt ta biya. Wata ƙungiya ce ta shirya wannan, Mount Zion Memorial Fund, wadda aka kafa a 1989, aikinta neman kaburburan tsofaffin makaɗa a maƙabartun ƙauye da gyara su.

Ni dai a ganina, 'yan'uwa, dutse abu ne mai kyau a wurin masu al'adarsa, amma mamaci ba ya cin tuwo. Shi ya sa cikin duk masu wannan hidima waɗanda suka fi burge ni su ne masu neman makaɗi tun yana numfashi. Akwai wasu ma'aurata a jihar Karolina ta Arewa, Tim Duffy da matarsa Denise, da suka kafa wata gidauniya mai suna Music Maker a 1994. Shi Tim ɗalibin al'adun gargajiya ne, ya shiga unguwannin talakawa yana neman tsofaffin makaɗa, sai ya tarar da su wani ba kuɗin magani, wani ba kuɗin haya, wani jitarsa tana wurin jingina. Ya ga ba yadda za a ce wa mai jin yunwa ya zo a ɗauki waƙarsa don tarihi. Sai suka tsara aikinsu hawa-hawa: a fara da magani da abinci da wurin kwana, sannan a saya wa mutum kayan kiɗa a nema masa wurin wasa da za a biya shi, sannan a ɗauki waƙoƙinsa a adana.

Cikin waɗanda suka yi hulɗa da wannan gidauniya akwai wata tsohuwa da nake so ku riƙe sunanta, Etta Baker. An haife ta a 1913. Tun tana 'yar ƙarama ta koyi jita a hannun mahaifinta, shi ma a gida ya gada. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya 9, ta yi shekaru tana aiki a masaƙa, kiɗanta kuwa bai wuce tsakar gida da taron dangi ba. A 1956 wani mai neman waƙoƙin gargajiya ya ɗauki kiɗanta ya sa a faifai. Samari a birane suka yi ta koyon salon hannunta daga wannan faifai, wasu suka yi suna da shi, ita ko sisi ba a ba ta ba, tana can tana reno. Faifai cikakke na ƙashin kanta bai fito ba sai a 1991, tana da shekara 78. A wannan shekarar ce gwamnatin Amurka ta ba ta lambar girma mafi daraja da take bai wa masu fasahar gargajiya. Daga baya gidauniyar su Tim ta taimaka mata ta karɓo haƙƙin tsofaffin waƙoƙinta. Ta rasu a 2006 tana da shekara 93, ta ga karramawarta da idonta. Wata ƙila za ta ce, to shekara 78, ai an makara. An makara kam. Amma ku duba, duk tsawon shekarun nan da ba wanda ya san da ita, salon ƙauyensu a hannunta yake ajiye, a cikin gida, kamar yadda waƙoƙin daka da na reno da kiɗan ƙwarya suke ajiye a hannunku.

Yanzu bari mu zo kan ita kanta karramawar, yadda ake yin ta. A birnin Memfis na jihar Tenesi akwai wata cibiya, Blues Foundation, da aka kafa a 1980. Kowace shekara tana shirya bikin ba da lambobin yabo ga makaɗa da mawaƙa: gwanin jita, gwanin busa, faifan da ya fi kyau, da sauransu. Da farko da sunan W.C. Handy ake kiran bikin, wani tsohon mawallafin kiɗa da ke cikin waɗanda suka fara rubuta buluz a takarda, sai a 2006 aka sauya sunan. Akwai lambar da ake bai wa gwanar mata a salon gargajiya, an sa mata sunan Koko Taylor. Ita wannan Koko 'yar manoman kashi-mu-raba ce, ta je Shikago tana share-share da goge-goge a gidajen masu kuɗi da rana, da dare tana waƙa. Kafin rasuwarta a 2009 ta karɓi lambobin wannan cibiya har 29. Cibiyar kuma tana da wani kundi na shahararru, wanda shiga cikinsa babbar daraja ce, tana kuma da asusu na biya wa makaɗa kuɗin asibiti da na jana'iza.

Amma lambar da ta sa na ɗauko wannan batu daban take. Sunanta idan aka fassara shi ne "raya buluz", kuma ba don iya waƙa ko kiɗa ake ba da ita ba. Ta masu ɗawainiya ce. Mai gabatar da shiri a rediyo da ya shekara ashirin yana sa waƙoƙin da ba su kawo talla. Malamin makaranta da ke koya wa yara. Mai ɗan gidan abinci da ke ba makaɗa wuri. Mai ɗaukar hoto, marubuci, mai shirya bikin shekara-shekara a garinsu. A farkon kowace shekara ake ba da ita, lokacin da makaɗa ke taruwa a Memfis domin gasa. Ban da wannan, akwai ƙananan ƙungiyoyin masoya buluz fiye da 100 a jihohi da ma wasu ƙasashe, da yawansu kan yi nasu bikin, su karrama na yankinsu, waɗanda sunansu ba zai taɓa isa babban birni ba. Hikimar a fili take. Mu ma mun san makaɗi ba ya tsayuwa sai da ubangida, sai da mai ba shi masauki, sai da mai kiransa biki. Bambancin kawai, a wurinmu makaɗi ne ke wasa ubangidansa a waƙa, su kuwa can jama'a ce ke taruwa ta kira mai ɗawainiya gaban mutane ta ce mun gode. Yaba kyauta tukuici.

Bari in ba ku misalin irin waɗannan mutane. A birnin Jakson na Misisipi an yi wata Baturiya, Lillian McMurry, matar wani mai sayar da kujeru da gadaje. A 1949 tana taya mijinta kwashe kaya daga wani shago da ya saya a unguwar baƙaƙe, sai aka ci karo da tarin faya-fayai. Ta sa ɗaya ta ji. Ta ce ba ta taɓa jin abu mai shiga rai irinsa ba, alhali a jihar aka haife ta, tsabar yadda wariyar launin fata ta raba mutane. Ta fara sayar da irin waɗannan faya-fayai, a 1950 kuma ta buɗe nata kamfanin, Trumpet. Ita ta fara fitar da faifan Elmore James a 1951, da na wani gwanin busa, Sonny Boy Williamson. A lokacin, mace Baturiya ta zauna ɗaki ɗaya tana aiki da baƙaƙen maza abin tsegumi ne, har da tsangwama. Kamfanin bai wuce 'yan shekaru ba ya durƙushe. Abin da ya sa ake tunawa da ita shi ne amana. A zamanin da cin haƙƙin mawaƙi ya zama ruwan dare, ita ta riƙe lissafi, ta ci gaba da bin kason mawaƙanta tana aika musu shekaru bayan an rufe kamfanin. Sonny Boy ya rasu a 1965, ita ce ta biya kuɗin dutsen kabarinsa. An shigar da ita kundin shahararru a 1998, ta rasu a 1999. Saura ƙiris a makara.

Mu ma'aikatan rediyo ma muna da namu a ciki, bari in ɗan yi fariya. A garin Helena na jihar Akansa, a watan Nuwamba 1941, wata tasha ta fara wani ɗan gajeren shiri da tsakar rana mai suna King Biscuit Time. Kamfanin garin fulawa ne ya ɗauki nauyinsa, don ya san lokacin ne manoma ke dawowa cin abinci, matan gida kuma na kusa da rediyo. Wannan Sonny Boy ɗin ne ke busa a ciki kai tsaye, har kamfanin ya buga hotonsa a buhun garin masara. Yara da yawa da suka zama manyan makaɗa, ciki har da B.B. King, sun ce wannan shiri suka taso suna ji. Wani ma'aikaci, Sonny Payne, ya riƙe gabatar da shi daga 1951 har rasuwarsa a 2018, kuma shirin bai mutu da shi ba.

Gwamnatin jihar Misisipi, wadda a da ba ta ɗauki waɗannan mutane a bakin komai ba, ita ma ta shigo daga baya. Daga 2006 ta fara kafa alluna masu launin shuɗi a wuraren tarihin kiɗan, gidan da aka haifi wane, gandun da wane ya yi noma, yanzu sun haura 200. Ba zan ɓoye muku ba, akwai lissafin kuɗi a ciki, domin baƙi na zuwa daga Turai da Japan suna bin allunan nan suna kashe kuɗi. Akwai kuma masu ƙorafi, da gaskiyarsu, cewa masu otal da masu shirya biki sun fi jikokin masu kiɗan amfana, kuma a wasu bukukuwan sai ka ga baƙar fata ƙalilan ne a kan dandamali. Wannan muhawara tana nan ba ta ƙare ba.

Na yi muku alkawarin ƙauyen da ke da salonsa shi kaɗai. Sunansa Bentoniya, ɗan ƙaramin gari ne a Misisipi, mutanensa ba su kai dubu ba. Makaɗansa na ɗaure tsirkiyar jita wani iri daban, sautin ya fito da sanyi da ban tausayi, murya kuma siririya a sama. Wanda ya fitar da salon duniya ta ji shi ne Skip James, da ya yi faya-fayai a 1931, aka biya shi abin da bai taka kara ya karya ba, ya ɓace. Sai a 1964 wasu samari masoya tsofaffin faya-fayai suka bi sawunsa suka same shi kwance a asibiti, suka mai da shi gaban jama'a, ya yi shekara biyar yana wasa kafin ya rasu a 1969.

To wa ya riƙe salon a gida? A 1948 wani manomi, Carey Holmes, da matarsa Mary suka buɗe wani ɗan shago na bulo a bakin titin jirgin ƙasa, suka sa masa suna Blue Front. Ana sayar da abinci mai zafi, da kayan masarufi, da abin sha, har aski ana yi. Makaɗan ƙauye kan zauna su yi kiɗa ba gayyata. In faɗa muku gaskiya, irin waɗannan wurare ba su da suna mai kyau a wurin masu zuwa coci, domin akwai giya da rawa, har wasu kan kira buluz kiɗan shaiɗan. Wannan saɓani tsakanin malamai da makaɗa ba baƙo ba ne a kunnenmu. Da wannan shago da gona Mary da mijinta suka reni 'ya'ya 10. Ɗaya daga cikinsu, Jimmy, wanda ake wa laƙabi da Duck, an haife shi a 1947, ya karɓi shagon bayan rasuwar mahaifinsa a 1970. Wani tsoho, Jack Owens, wanda salon ke hannunsa, yakan zo shagon ya zaunar da shi ya ce sai ya koya, don kada abin ya bi shi kabari. A 1972 Jimmy da mahaifiyarsa suka fara wani ɗan taron kiɗa na shekara-shekara a gonarsu, wanda ya zama ɗaya daga cikin bukukuwan buluz mafi daɗewa a Amurka. Jack Owens ya rasu a 1997. Shi kuwa Jimmy bai fitar da faifai ba sai a 2006, yana dab da shekara 60, kuma sunansa ya shiga jerin 'yan takarar lambar Grammy ta 2021, wadda ita ce babbar lambar kiɗa a ƙasar. An kafa wa shagon Mary allo shuɗi a ƙofa, sunanta da na mijinta na rubuce a jiki.

Lokaci ya yi mana halinsa, mai kula da na'ura yana ta ɗaga mini hannu. Wadda ke da tambaya ko tsokaci ta aiko da wasiƙa ta hannun maigida ko yara kamar yadda aka saba. A gaida yara, a gaida masu jego, Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.